Ruwan da Kaka Ta Zuba a Bakin Ƙofa

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau ba da ƙaramar murya zan yi magana ba. Masu turo min saƙo suna cewa, "Zornitsa, ki yi haƙuri ki bi maganar manya," na karanta, na gode. Amma ku riƙe haƙurin nan a wurinku tukuna, sai kun ji abin da ya faru ranar Alhamis.

Ga wanda yau ne farkon shigowarsa: ina aji uku a makarantar likitanci, kuma ƙafata ta hagu daga ƙasan gwiwa ta roba ce. Injin yankan ciyawa ne ya tafi da ta ainihin a gonar wardin kakana, ina ƙarama. Duk shekarun da na yi ina karatu ba wanda ya damu, tunda littafi da ƙasusuwan gawa ba sa tambayar mutum ƙafa nawa gare shi. Sai da lokacin shiga ɗakunan marasa lafiya ya matso aka tuna da ni. Makarantar tana da kwamiti da ke gwada duk ɗalibi mai larura, a ga ko zai iya abubuwan da ba a yafe wa kowane likita: ya saurari bugun zuciya, ya ɗebi jini, sannan babbar cikinsu, idan mutum ya yanke jiki ya faɗi zuciyarsa ta tsaya, ya sauka ƙasa ya yi ta danna masa ƙirji har taimako ya iso. In na iya, ranar Litinin in sa farar riga in shiga asibiti. In na kasa, a maida ni sashen haɗa magani, cikin mutunci da murmushi.

Kuma in ban da kakata, Kaka Stoyka, kowa a gidanmu sashen haɗa maganin yake roƙa min.

Ana gobe gwajin, Momchil ya zo cin abincin yamma da mahaifiyarsa. Momchil shi ne mai nemana. Dogo ne, mai sanyin magana, ba ya shan taba, ba ya ɗaga murya, irin wanda iyaye mata ke gani su fara lissafin jikoki. Ina sonsa, kar ku ce ban faɗa ba. Sai dai shi son da yake min irin wanda Mama ke yi wa kofunan tangaran ɗinta na cikin kabad ne: a goge, a kalla, kar a taɓa. Shi zai ja min kujera, shi zai karɓe min jaka, in ya ga matakala sai fuskarsa ta canza kamar an yi rasuwa. Tun da muke tare bai taɓa ganin ƙafar nan ba, balle abin da ke cikinta. Bai tambaya ba, ni ma ban nuna ba, haka Mama ta rene ni.

Tun azahar Mama take kicin. Ta gasa banitsa, wato gashin fulawa mai cuku a ciki, ta dafa wake a tukunyar ƙasa, ta ɗebo kabeji mai tsami daga gangar da ke ƙarƙashin gida, ta fito da giyar nan mai ƙarfi da muke kira rakiya, wadda Baba ya bari kafin ya koma aikinsa a Jamus. Ta shimfiɗa farin mayafin tebur na baƙi. Ni kuma ta ajiye min a kan gado wani wando mai faɗi, ruwan ƙasa, wanda ke sharar daɓe, da safar ulu mai kauri don ƙafafun biyu su zama iri ɗaya a cikin silifa.

Anti Nevena, mahaifiyar Momchil, ta shigo da ƙamshin turarenta a gaba, ita a baya. Kantunan magani gare ta a garinmu da garin gaba, kuma ba ta bari a manta. Ta sumbace ni kunci biyu, ta kalli wandona sau ɗaya, ta ɗauke kai da sauri.

"'Yata, kin rame," ta ce. "Karatun nan zai cinye ki. Kin san na sa an kawo miki kujera a sabon kanti? Mai juyawa ce, da wurin ɗora ƙafa. Kina zaune kuɗi na zuwa, ba jini, ba amai, ba tsayuwar dare."

"Na gode, Anti. Amma ni jinin da aman nake so."

Mama ta take min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ta robar ta taka, sai dai na ji tebur ya girgiza.

"Wasa take yi," in ji Mama, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ai kin san yaran yanzu. Ƙaro wake, Nevena."

"Ba wasa take ba," Kaka Stoyka ta ce daga gefen murhu, ba ta ko ɗago daga saƙarta ba. "Jikata likita za ta zama. Ita za ta rufe min ido, ba wani ƙato mai sanyin hannu ba."

Momchil ya yi murmushi ya zuba min ruwa a kofi, kamar ni ban iya ba. Bayan sun tafi wayata ta yi ƙara, saƙo ne daga Momchil.

"Kar ki damu da gobe, zinariyata. Na gyara komai."

"Me ka gyara?"

"Ki huta kawai. Zan zo in ɗauke ki da safe."

Na sake tambaya, ya turo min hoton zuciya. Na ce bari in bar shi, ai mai sona ne.

Gari ya waye da sanyin da ke sa gashin hanci ya daskare. Na sa wandon motsa jiki baƙi mai zif daga idon sawu zuwa gwiwa, wanda da shi na yi ta gwajin durƙuso a ɗakina, na ɗora rigar ulu ja, na ɗaure gashi. Ina cikin ɗaura takalmi Momchil ya danna hon a waje.

Kun san ba a fita jarrabawa a gidan mutunci sai an zuba wa mutum ruwa a gaba, don al'amarinsa ya tafi sumul kamar ruwan. Kaka ta yi min ranar da na shiga firamare, ta yi min ranar da na tafi jami'a. Tana jin hon ta ɗauki 'yar tukunyarta ta tagulla, ta buɗe ƙofa, ta watsa ruwan a kan matakalar dutse tana addu'a. Na miƙe zan fita ke nan, Mama ta fito daga kicin ta ga wandona.

"Da wannan za ki fita? Ai duk siffar abin ta fito! Koma ki canza."

"Mama, durƙuso zan yi, ba rawa ba."

"Nevena tana can makarantar, za ta gan ki."

"Me ya kai Anti Nevena makarantarmu?"

Sai ta jawo ni ciki ta rufe ƙofa saboda sanyi. Muka yi ta yi. Ta kawo wandon jiya, na ƙi. Ta kawo dogon siket, na ƙi. Ta yi kuka, ta ce tun ina ƙarama take rufa min asiri, yau zan tona da hannuna. Na ce ƙafa ce, Mama, ba cikin shege ba. Ta dafe ƙirji ta zauna. Har shayin da ke kan tebur ya huce muna abu ɗaya, Momchil yana ta hon. Ba wanda ya tuna da ruwan da ke waje a cikin wannan sanyi.

Da na buɗe ƙofa Kaka ta ce, "Da dama, 'yar nan, da dama!" Na fita da ƙafar dama kamar yadda aka saba. Ita ta ji santsin, ta gaya min, amma kafin in tsaya ta hagu ta riga ta sauka, ita kuwa ba ta jin komai. Ruwan ya zama ƙanƙara, siririya kamar gilashi. Sai ganina na yi a ƙasan matakala, sama tana kallona, kuma na ji wani ƙas a ƙarƙashina.

Ba ƙashina ba ne. Kofin ƙafar robar da dungulmina ke zama a ciki ne ya tsage ta baya. Na miƙe, ƙafar ta ɗauke ni, tafiya tana yiwuwa da ɗingishi. Amma da na gwada lanƙwasa gwiwa, tsagar ta buɗe ta cafki naman bayan gwiwata, sai da na ga taurari.

"Alama ce!" Mama ta yi ihu daga bakin ƙofa. "Allah ne ya hana ki! Ki dawo ciki!"

Momchil ya iso da gudu, ya riƙe ni, fuskarsa ta yi fari fat. "Shi ke nan, Zori, shi ke nan, kwantar da hankalinki. Dama ba sai kin durƙusa ba."

"Kamar yaya?"

Ya kalli Mama, Mama ta kalli ƙasa. Nan na gane su biyun bakinsu ɗaya.

"Dakta Bonev yana cikin kwamitin," ya ce a hankali. "Shi ya riƙe ni ranar baftisma, kamar uba yake a wurina. Mahaifiyata ta yi masa magana. Ba za su sa ki rarrafe a gabansu ba. Za ki zauna, a yi hira, a maida ki haɗa magani ba tare da kowa ya ce kin faɗi ba. Don kar ki ji kunya na yi."

Jama'a, sanyin nan duka sai na daina jinsa. Wato an gama yanke min hukunci a kan kofin kofi, ni ina ɗaki ina goge gwiwoyina a kan kafet.

Kaka ce ta sauko, tana dafa bango, da tukunyar a hannunta. Hawaye ya cika mata ido. Ta kama fuskata da hannunta masu sanyi.

"Ni na zuba, ni na kayar da ke," ta ce. "Tsohuwar banza, ko sanyin ban duba ba. Ki tashi ki tafi, Zornitsa. Kar ki bar ni in shiga kabari da wannan."

Na juya wurin Momchil. "Za ka kai ni, ko in tari bas?"

Ya kai ni. Har muka shiga birni na'urar ɗumama mota tana ta huci. Sau biyu ya buɗe baki, sau biyu na ƙara wa rediyo murya.

Anti Nevena tana zaune a barandar hawa na biyu, da kwalin cakulan a cinya, an ɗaure shi da jan ƙyalle. Ta miƙe za ta rungume ni, na gaishe ta na wuce.

Ɗakin gwajin yana warin roba da maganin goge daɓe. Mutum uku ne a bayan tebur. A tsakiya Farfesa Chakarova, shugabar kwamitin, tsohuwa siririya mai gajeren farin gashi, wadda ɗalibai ke canza hanya in sun hango ta. A damanta Dakta Bonev, mai tumbi da fara'a, kofinsa na kofi a gabansa. Na ukun wata matashiyar likita ce da ke rubutu kawai.

Na saurari bugun zuciya, na faɗi abin da na ji. Na ɗebi jan ruwa daga hannun roba, allura ɗaya. Farfesa ba ta ce madalla ba, sai ta nuna ƙasa da biro. Wani mutum-mutumin roba ne kwance a daɓe, baki buɗe, da 'yar fitila a kafaɗa wadda ke yin kore in dannawar ta kai, ta yi ja in ba ta kai ba.

"Farfesa, ina ga wannan ba sai mun wahalar da yarinyar ba," in ji Dakta Bonev, da muryar lallashi. "Kin ga yadda ta shigo tana ɗingishi. Zauna, 'yata. Akwai hanyoyi da yawa na taimakon mutane, ba sai a ƙasa ba."

"Zan yi, ranka ya daɗe."

Na tsaya a gefen mutum-mutumin, na fara sauka. Ban kai rabi ba tsagar ta cije ni. Na cije leɓe na ƙara sauka, ta ƙara cizo, na ji wani ɗumi yana bin safar ciki. Na miƙe da sauri, na dafa tebur, zufa ta karyo min. Na sake gwadawa ta ɗaya gefen. Ina! Ƙafar nan ta rantse ba za ta lanƙwasu ba.

"Kin gani ko?" Dakta Bonev ya ce, har da tausayi a fuskarsa, kuma tausayin ya fi zagi ciwo. "Ba laifinki ba ne."

Ƙofar ɗakin tana da gilashi a sama. Da na ɗaga kai, fuska biyu ne a jikinsa, ta Momchil da ta mahaifiyarsa.

Bari in gaya muku gaskiya, na ji tsoro. Ba tsoron kwamiti ba. A duniya mutum uku ne suka taɓa ganina ba ƙafar: Mama, Kaka, da mai gyara ta. Ko a bakin teku da dogon wando nake zama ina gadin jakunkunan mutane. Amma a gida, in na rufe ƙofa, da gwiwa nake komai. Da gwiwa nake wanke banɗaki, da gwiwa nake hura murhu, da gwiwa nake tseren zuwa ɗaukar waya. Gwiwoyina biyu lafiyarsu lau. Abin da ya hana ni sauka ba rashin ƙafa ba ne, ƙafar ce.

"Farfesa," na ce, "dokarku ta ce da ƙafa nawa ake danna ƙirji?"

Ta sauke tabarau ta kalle ni sosai, karo na farko tun da na shigo. "Ta ce a danna. Ba ta ƙirga ƙafa ba."

Na zauna a bakin kujera, na ja zif ɗin har gwiwa. Na danna maɓallin da ke gefen idon sawu, ya ce ƙit. Na zare ta. Na rasa inda zan ajiye, don ban so ta kwanta a ƙasa kamar abin da aka yar, sai na ɗora ta a kan teburinsu, a tsaye, da takalminta da igiyarsa a ɗaure, dab da kofin Dakta Bonev. Ya janye kofin kamar za ta sha masa.

Na sauka a kan gwiwoyina, na dafa kafaɗar mutum-mutumin na kira shi, na duba numfashi, na ce wa matashiyar likitar, "Ke, kira taimako!" Har ta zabura. Na haɗa hannu a tsakiyar ƙirjin, na miƙe gwiwar hannu, na saki nauyina.

Kore.

Na ci gaba. Duk haushin da na haɗiye tun safe a ƙirjin robar nan na sauke shi. Na danna don kujera mai juyawa, na danna don wando mai sharar daɓe, na danna don "na gyara komai". Safar dungulmin ta jiƙe da jini tana shafa a daɓe, ko a jikina. Kafaɗuna suka ɗau wuta, gashina ya kwance ya rufe min ido, fitilar dai ba ta canza ba. Na ji Dakta Bonev yana cewa ya isa, amma ba shi ne shugaba ba. Farfesa ta bar ni na yi ta yi, har na fara zargin ta manta da ni.

"Tsaya," ta ce daga ƙarshe.

Na zauna a kan dunduniyata guda, ina haki.

"To, a nan ta yi," in ji Dakta Bonev, yana goge goshi kamar shi ya yi aikin. "Amma a asibiti fa? Mutum ya faɗi a baranda, sai ta tsaya kwance ƙafa? Me iyalinsa za su ce?"

"Ranka ya daɗe, wadda ba ta tsage ba da ita nake durƙusawa," na ce. "In ma ta kama a cire, kafin ka tuɓe kwat ɗinka na cire ta. Iyalinsa kuma in ya farfaɗo sai su kai ƙarata."

Matashiyar likitar ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Farfesa ba ta yi dariya ba. Ta tashi, ta buɗe wani kabad a kusurwa, ta ɗauko sandunan dogarawa biyu da bandeji, ta miƙo min da kanta.

"Ki wanke ciwon nan kafin ya yi ruwa. Ki kai wannan a gyara." Ta nuna ƙafar da haɓa. "Litinin, sashen ciwon zuciya. Ni ce a can, kuma ba na jiran kowa, mai ƙafa biyu ko mai ɗaya."

Na so in yi kuka, na hana kaina. Na naɗe ciwon, na bar zif ɗin a buɗe, don na gaji da rufewa. Na maƙale ƙafar a hammata, na dogara sandunan na fito, tana zamewa ina gyarawa.

Barandar ta cika da 'yan ajinmu da suka fito daga darasi. Duk suka juyo suna kallona. Anti Nevena tana tsaye, kwalin cakulan a ƙirji, idonta a kan bandejin. Momchil yana gefenta. Shi ba ƙasa yake kallo ba, ni yake kallo, kuma na kasa karanta fuskarsa.

"Sun bar ni," na ce. "Litinin zan fara."

Ba wanda ya ce barka.

"Momchil," Anti Nevena ta ce, murya can ƙasa, ta kama hannun rigarsa. "Zo mu tafi. Mutane suna kallo."

Na jingina da bango, na jingine sanda ɗaya, na zaro ƙafar daga hammata na miƙa masa ita, da takalmin da komai.

"Ba zan iya sauka matakala da ita da sanduna ba," na ce. "Kullum kana son ka riƙe min kaya. Ga shi. Wannan ce ni, kuma likita za ta zama. In za ka riƙe, riƙe a gaban kowa."

Mahaifiyarsa ta ƙara jan rigar. Ya kalli hannunta, ya kalli abin da ke nawa. Ƙafar nan tana da nauyi, kuma hannuna bai gama dawowa daga danna ƙirji ba, sai ya fara rawa tun daga kafaɗa, kowa yana gani.

Ban sauke shi ba.